Hannun da Ake Ɗagawa

Yaya,

Gaisuwa mai yawa. Ya jikin Inna? Ya yara?

Ni lafiya lau, har ci gaba na samu. Na daina tsince shara a kamfani tun da injin niƙa robobi ya cinye min yatsu. Yanzu duk ranar da ake koya wa sababbin ma'aikata kiyaye haɗari, ni ake tsayarwa a gaba. Manaja ya ɗaga hannuna ya ce, "Ku ga sakamakon ganganci." Mutumin da na sha gaya wa murfin injin ya karye! Ni kuwa sai in gyaɗa kai.

Allah ya ƙara wa Inna sauƙi, kada ta ji wannan. Zoben marigayi Baba da za ki aiko min, ki ba Auta. Shi yana da inda zai sa.

Ƙaninki.