Ni na cire gilashin, ɗiyata ta ɗauki laifin

Assalamu alaikum jama'ar wannan shafi. Don Allah a sakaya sunana, kuma a karanta har ƙarshe kafin a yanke mani hukunci, don na riga kowa yanke wa kaina.

Wata 'yar ƙara ce ta ja mani, ƙwas, ƙwas, kullum ina sharar falo. Maigidana ɗan masunta ne daga Wara, aiki ya zaunar da mu Yelwa. Yana da akwatin gilashi da ya zuba talibambam biyu a ciki, kifin nan mai kumbura ciki, ya raba tsakaninsu da wani gilashi. Ƙaramin kifin, mahaifinsa ne ya kawo mashi, zuwansa na ƙarshe kafin Allah ya karɓi abinsa. Ƙaramin nan ne ke buga baki a jikin gilashin, yana kallon babban. Ni kuwa sai in ga kamar kaɗaici ke damunsa. Halittar Allah, ga ɗan'uwa yana gani, an hana su gaisawa? Na tambayi maigidan dalili ya fi sau uku, amsarsa ɗaya: "Ke dai bari." Haba jama'a! Har aji shida na yi a sakandare, da ya ce mani cin juna suke yi ba zan gane ba?

Ranar wata Laraba da hantsi na zare gilashin, na ce su ɗan gana kafin in sauke tukunya. Ko shinkafa ban tsame ba na dawo na iske ruwa ya yi ja, ƙaramin na juyawa babu wutsiya. Na yi salati, na mayar da gilashin, na bar gawar a ɓangarenta kamar ban san komai ba.

Da maigidan ya dawo ya tsaya gaban akwatin yana kallon gawar. Ban taɓa ganin hawayensa ba sai ranar. Sai ya juya kan ɗiyarmu Ummi, 'yar shekara bakwai, wadda kullum bayan la'asar suke zuwa bakin ruwa tare su tsinto dodon koɗi, ita ke jefa ma kifin. Ya ce, "Ummi, ke kika taɓa ko?" Yarinya ta sunkuyar da kai. Ina tsaye da ludayi a hannu, wallahi bakina ya ƙi buɗuwa. Bai buge ta ba, da ma dukan ya yi ya wuce. Cewa ya yi kar ya ƙara ganinta kusa da akwatin, zuwa bakin ruwa ma ya ƙare.

Yau sati uku. Shi kaɗai ke fita, ita ta laɓe bakin ƙofa tana kallon bayansa. Na yi istigfari har na gaji da jin muryata, amma wane istigfari ga haƙƙin yarinya a wuyana? In na faɗa, kifin zai fi yi mashi ciwo ko shirun da na yi? Haushinsa nake ji, haushin kaina ya fi. Me zan yi, 'yan'uwa?

Abin da ya sa na rubuto yau, jiya ina yi mata kitso ta ɗago kai ta ce mani a hankali: "Inna, ai na gan ki ranar, ban faɗa ba. Kwana nawa ya rage in yi shiru Baba ya tafi da ni bakin ruwa?"