Gyaran da na yi wa aikin mijin 'yata a ɓoye

Assalamu alaikum. A sakaya sunana, kuma a karanta har ƙarshe kafin a fara yi mini wa'azi.

Mijin 'yata ba ya gwada aikinsa kafin ya sake shi, ni kuma kunyar surukuta ta hana ni faɗa masa. A unguwarmu a Birnin Kudu babu wanda ban taɓa gaya wa gaskiya ba, har mai unguwa. Sai da na aurar da 'ya sannan na shiga makarantar yaƙi da jahilci, mata suna yi mini dariya, na wuce na koyi kwamfuta, ban ji kunyar kowa ba. Amma wannan bawan Allah in ya shigo ya cire takalmi ya durƙusa ya ce, "Inna, ina wuni?" sai bakina ya mutu. Ko sunansa ba na kamawa, baban Ummi nake cewa, da sunan jikata.

Akwai wata manhaja ta kyauta da kowa ke iya duba cikinta, tana raba babbar kwamfuta ɗaya ta zama kamar guda da yawa. Shi yana rubuta mata ƙananan ƙari da ake jonawa, filogin ake ce musu. Nasa yana ajiye kwafin bayanai don gudun asara. Ni ce nake haɗa shi ya zama ƙunshi ɗaya da mutum zai sauke ya saka ba wahala, in ɗora a ma'ajiyar da masu manhajar ke rabawa duniya. Shi ya koya mini, ya kuma ba ni makullin sa hannunsa, wato lambar sirrin da ke shaida cewa aiki daga wurinsa ya fito. 'Yata ce ta kawo saƙon: "Ya ce ke dai Inna ba sai an duba bayanki ba."

Da damina na ga kuskure a aikinsa: tsofaffin kwafi suna taruwa ba ya share su. Ƙa'idar aikin ita ce ka rubuta kuskuren a fili, kowa ya gani, a gyara tare. Ni in rubuta wa duniya cewa surukina ya yi sakaci? 'Yata ta ji da wane kunne? Sai na gyara a kwamfutata, na ƙunsa, na sa hannu da sunansa, na ɗora. Har daɗi na ji, wallahi, na ce na rufa masa asiri.

Ashe gyarana tsoho da sabo yake sharewa. Wata makaranta a Gwaram, inda suke zaune shi da 'yata, shi da kansa ya saka musu filogin ɗin. Kwamfutarsu ta lalace, aka je ɗauko kwafi, babu komai, sakamakon jarrabawar yara ya tafi. Masu manhajar suka bincika suka ga abin da aka raba ba shi ne abin da ke rubuce a fili ba, ga kuma sa hannunsa. Suka ce ya cusa abu a ɓoye, suka rufe masa ƙofa. A wannan aiki suna shi ne jari. Wa zai sake yarda da shi?

Ina ta jiran ya tuhume ni. Bai yi ba. Jiya da la'asar 'yata ta kira ni.

"Inna, mutumin nan ya daina cin abinci. Shugaban makarantar ya tsayar da shi a bakin masallaci yana ce masa injiniyan gangan."

Na ce, "To shi me ya ce wa masu manhajar?"

"Ya rubuta musu cewa shi ya yi, babu hannun kowa."

"Babu hannun kowa?"

"Na ce masa ai Inna ce ke ƙunsawa, a tambaye ta mana. Ya daka mini tsawa, wai kada in sake sa sunanki a maganar."

Kun gane? Ya sani. Ya san ni ce, ya zaɓi a kira shi maha'inci da ya ɗaga ido ya ce wa uwar matarsa ta ɓata. In na fito na faɗa, na mai da shi maƙaryaci a gabansu, wanda kuma ya ba wani makullinsa, wannan ma laifi ne babba a wurinsu. In na yi shiru, sunansa ya mutu ina kallo. Ta ko'ina na duba ban ga inda zai fita da mutuncinsa ba.

Yau da sassafe na hau mota zuwa Gwaram da kwamfutata a jaka. Ya fito, ya cire takalmi, ya durƙusa ya gaishe ni kamar kullum, ya rame har wuyansa ya fito. Na buɗe baki, abin da ya fito shi ne, "Ummi na zo gani."

Yanzu haka ina ɗakin 'yata nake rubuta muku, shi kuma ya tafi kasuwa sayo mini nama. Jama'a, kafin ya dawo, me zan yi?