Ƙarshen Littafin da Inna Ta Yage

Yaya Bello,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ina sanyin Jos? Yaya Hajara da yara? Mu nan Bukkuyum sai godiya, ƙafar Inna ma da sauƙi.

Tun da aka tare motar kasuwar Gummi, Baba ya hana ni ko leƙa gona. Zaman ɗaka ya sa na buɗe kwalinka, na ci karo da tsofaffin littattafan nan na wasan 'yan sojojin roba. Marubutansu kamar masu aljanu. Sababbin da ka turo mini a waya jarumta ce zalla, amma a tsofaffin soja kan rungumi bindigarsa yana lallashinta kamar jaririya. Akwai wani littafi a ciki inda sojoji suka maƙale cikin mataccen kumbo a sararin samaniya, wani abu yana zagaye su ta bayan bango. Na gane halinsu sarai.

Ina tsakiyar karatu na tarar Inna ta yage ƙarshensa ta ƙunshe daddawa.

Ka gaishe da kowa, ku sa mu a addu'a. Ka rubuto mini ko sun fita. In ba su fita ba, ka ce ka manta.

Ƙanenka,
Lawali