Lambun Raƙumin Dawa

Wagadugu

Yaya Tinga,

Ina gaishe ka, ina gaishe da Inna da duk mutanen gida. Ya ƙarin haƙurinmu? Allah ya jiƙan maigidana Nufu.

Saƙon Inna ya iso, cewa in 'yata Nongma ba ta buɗe baki ba kafin damina, a kai ta ƙauye wurinta. Ban ce a'a ba, jikarta ce. Ina dai roƙon a ɗan ba ni lokaci. Tun ranar da aka turo babur ɗin babanta gida a lanƙwashe, yarinyar nan ba ta ce uffan ba. Tana ci, tana barci, tana bina da ido. Likita ya ce ba abin da ya sami harshenta, in riƙa kai ta inda ta saba jin daɗi.

Nan ne na rasa yadda zan yi. Duk Lahadi Nufu kan ɗora ta gaban babur su tafi lambun wasa, ni kuwa ina kasuwa ina sayar da fura. Ban san wane lambu ba ne. Na kai ta babban lambun Bangr-Weogo. Akwai inuwa, ga masu gudu, har kada muka gani a ruwa. Ta kalle shi kamar ta ga gungume. Na kai ta wanda ke da jirgin yara mai lantarki, ta toshe kunnuwa har muka fito.

Ko Nufu ya taɓa gaya maka wurin?

Ƙanwarka,
Rasmata

Kudugu

Zuwa ga ƙanwata Rasmata,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, takardarki ta same ni lafiya. Na karanta wa Inna. Ta yi kuka, amma ba ta canza magana ba.

A shekarun da na yi ina koyarwa, na lura yaro ba ya bukatar babban wuri. Inuwa, yashi da 'yan uwansa yara sun ishe shi. Ki daina wahalar da kanki da manyan lambuna. Nufu ma ba mai son taro ba ne.

Sau ɗaya na bi su. Ƙaramin fili ne na unguwa, bayan layin dogo, cike da itatuwan dalbejiya. Akwai lilo, akwai raƙumin dawa na siminti. Nongma ta hau wuyansa tana ba shi umarni, Nufu yana cewa, "Ranki ya daɗe, a tausaya wa dabba, bai karya ba." Ni ma sai da ta sa na gaishe shi.

Ki nemi raƙumin. Allah ya dafa miki.

Yayanki,
Tinga

Wagadugu

Yaya Tinga,

Ina gaisuwa. Na sami wurin.

Tun daga layin dogo Nongma ta saki hannuna ta yi gaba. Rabon da in ga ta yi sauri haka tun Nufu na da rai. Na bi ta da gudu zanina na kwancewa.

Yaya, an kewaye filin da kwano, an mai da shi mashaya. Kujerun roba ne ko'ina a ƙarƙashin itatuwan, ga kiɗa, ga hayaƙin gasa kaji. Matar da ke riƙe da wurin ta tare ni. Da ta ji harshena ta gane Bamoshiya ce ni, ita kuwa Basamiya ce, sai ta fara wasan barkwancin da ke tsakanin ƙabilunmu.

"Baiwata, yau kin zo wanke min kwalabe?"

Na ce, "Uwar ɗakin da ba ta ba baƙo ruwa? Lilo na kawo 'yata."

Ta ce, "Lilo? An cire tun da zafin bana. Masu sayen ƙarfe suka kwashe." Sai ta dubi yarinyar, dariyar ta ɗauke. "Wannan ba 'yar mai jan babur ba ce? Ina surutun naki, sarauniya?"

Na gaya mata abin da ya faru. Ta kashe kiɗan da kanta, maza na ta ƙorafi.

Raƙumin na nan. An rataya masa fitilu a wuya, an jingina akwatunan giya a ƙafafunsa. Matar ta sa aka janye su. Nongma ta tsaya a gabansa, ta ɗora tafinta a cikinsa. Na ga leɓenta na motsi. Sai wani ya buga tebur yana kiran a kawo masa giya mai sanyi, ta sauke hannun.

Mun koma ranar Lahadi da sassafe, kafin su buɗe. Ta ƙi ko shiga ƙofar.

Rasmata

Kudugu

Ƙanwata,

Na gaishe ki. An yi ruwan farko a nan jiya, Inna ta sa an share ɗaki. In kina so in sake roƙonta, zan roƙa.

Tinga

Wagadugu

Yaya,

Ina gaisuwa. Kada ka roƙe ta, ba ni da sauran inda zan kai yarinyar nan. Ka zo ranar Asabar ka ɗauke ta.

Na zaunar da ita na gaya mata. Na ce in ba ta so, ta ce min a'a kawai, ba mai raba mu. Na jira har tuwo ya huce. Ta tashi ta ɗauko takalmanta ta ajiye a bakin ƙofa.

A gaida Inna.

Rasmata