Katifa ta fi gadon Gaishita tsawo

Daren Laraba, rani na biyu da shigowar Nasara Agadas.

Ciwon baya ya ishe ni, yau na sayi katifar rimi wurin fataken Damagaram. Nan cikin kasuwa na kwanta a kanta na miƙe ƙafafu, mutane suna ta dariya. Ta yi mini daidai. Abin da ban auna ba shi ne gadon gida, wanda mai ɗakina Gaishita ta samo daga uwarta. Katifa ta zarce shi da kamu guda, tana reto kamar leɓen raƙumi.

Na ce a kira masassaƙi ya ƙara itace.

Ta ce, "Maigida, da gadon nan aka kawo ni. Ka taɓa shi, in kwance abina in ɗora wa jaki, sai Ingal."

Maƙwabci ya ce wani sojan Nasara yana sayar da gadon ƙarfe. Ni da har yau ban cire musu takalmi ba, ba ni kwana kan ƙarfensu.

Ga ni dai a ƙasa ina tsaron kunama, ita tana minshari can bisa. Gobe da sassafe zan kwaɓa laka in gina gadon ƙasa daidai tsawona, wanda uwar kowa ba ta taɓa kwana a kansa ba.