Ba Zan Ƙara Kawo Kwano Tasha Ba

Zuwa ga ɗana Yohanna. Gaisuwa cikin sunan Yesu. Matarka Rifkatu ce ke rubuta min. Ta ce in sassauta, na ce ta rubuta yadda na faɗa, don haka kada ka ga laifinta.

Muna lafiya. An cire citta. Akuyar nan ta mutu.

Yohanna, jirginka yana tsayawa a Kafanchan kowane mako, amma kai ba ka sauka. Daga tasha zuwa gidan nan, ni tsohuwa ma ba na hutawa a hanya. Sai dai mu zo mu miƙa maka kwanon tuwon acca a kan inji, ka miƙo wancan, ka ce, "Mama, sai wani zuwa." Ɗanka Ishaya in ya ji kukan jirgi sai ya ce ga Baba. Ko na kaya ne, ko na shanu, duk Baba ne a wurinsa.

Ran Talata da ka sunkuyo karɓar kwano na ga ƙafarka ta kumbura. Ka yanka takalmin ta sama don ta shiga. Ka ja ta baya, amma na riga na gani. Kwanon da ka dawo da shi kuma rabin tuwon na ciki, ya yi tsami.

Na san wannan takalmi. Da wuƙata ta yankan kuɓewa babanka ya yanka nasa. Sati yana gyaran dogo, Lahadi ya hau keke zuwa wa'azi har wajen Gwantu. In na yi magana ya ce, "Hutu yana sama." To, ya samu. Ranar biso majami'a ta cika, an yi waƙa mai kyau, fasto ya yabe shi ƙwarai. Da yamma kowa ya tafi gidansa. Kai kana rarrafe, ni kaɗai na share tsakar gida.

Na ji labari duk wanda ya gaji kai kake karɓar aikinsa na zuba kwal. Ranar hutunka kuma kana Makurɗi kana ɗaukar bulo na ginin majami'a. Ban yi makaranta ba, amma na ji ana karantawa cewa Ubangiji kansa ya huta. Ka fi shi aiki ne? In ka faɗi, washegari za a sa wani a injin nan. Majami'a ma za ta sami mai ɗaukar bulo. Ishaya fa, wa za a sa masa?

Rifkatu tana kuka yanzu, na ce ta share kada ta jiƙa takarda. Da yamma mu biyu muke zama. Zaman da na yi ne take koya, tun kana da rai.

Ga abin da ke kan kowa. Rifkatu za ta raka ka asibiti. Jaririyarku tana binka suna, wata na uku ke nan ana ce mata Bebi, fasto ya gaji da tambaya. Ni kuma ina binka kwano ɗaya, mai murfi shuɗi. Kada ka ba kowa ya kawo. Ba zan ƙara zuwa tasha ba, na kuma hana Rifkatu. Tuwonka yana gida.

Ubangiji ya tsare ka, ya sauke kumburin nan, ya ba ka kunne. Amin.

Ni ce mamarka,
Tabita