Duwatsun Murhunki Sun Yi Sanyi

Zuwa ga sanyin idona, inuwar tsamiyata da tsakar rana, ruwan randata, Karima uwar 'ya'yana. Gaisuwa irin ta wanda kewa ta cinye.

Tun ranar da kika raka autarmu Muhsina da jaririyarta ɗakin mijinta a Kwanar Dangora, gidan nan ya zama kango. Murnar jikar nan ta kusa fasa mini ƙirji. Takwararki, mai hancinki sak! Amma wa zan yi wa murnar? Kaji? Ina zuba ido a hanya, sai ga saƙonki: wai ɗanmu Abdulhadi ya gyara mana ɗaki a can, in sayar da gida in biyo ki.

Haba, farin watana!

Bari ki ji abin da Malam Ghali ya koya mana a ajin yamma, inda nake zama da furfurata ina haɗa baƙi. Kalmomi biyu ne na Turanci, kamar wa da ƙani: setil da risetil. Ya ce setil shi ne mutum ya ga ƙasa ta kwanta masa, ya sauke kayansa da son ransa. Risetil kuwa, a tashe ka daga inda kake, a nuna maka fili a ce zauna. 'Yar "ri" ɗin nan kaɗai ta raba su. Kowa na maimaitawa, ni kuwa fensir ya suɓuce mini.

Ashe sunan abin da ya same mu ke nan, shekarar da ruwan madatsar Tiga ya haɗiye garinmu! Kin tuna? Muna bayan babbar mota, kina amarya, lallenki bai gama fita ba. Mata na rungume da kwalla da fanteka, ke kuwa duwatsun murhu kika ɗora a cinya, baƙi ƙirin, ana ta yi miki tsiya, wai ko can babu dutse ne. Da aka sauke mu a fako, ba ko bishiya, kika kafa su, kika dama mana kunu. Ranar kika goge "ri" ɗin nan, Karima, alhali ba ki san Turanci ba.

Yanzu ga cibiyar jikarmu a binne a gindin lemon da kika dasa. Ita ma in sayar da ita?

Na gaji, masoyiyata. Gwiwoyina sun gaji, bayana ya gaji, zuciyar ma ba za ta iya koyon sabon tsakar gida ba. Ki dawo, don Allah ki dawo! Duwatsunki sun yi sanyi, har ƙadangare ya fara shan hantsi a kansu.

In kuwa ranki ya riga ya kwanta a can, kada ki ɓoye mini. Zan tone su in ɗaure a bayan babur, in biyo ki. Malam Ghali ma ba zai kira wannan risetil ba, don ke ce ƙasar da na zaɓa.

Naki har ranar da za a mayar da ni ƙasa,
Hamidu